Wane Ne Marar Aiki?

'Yan'uwa ɗalibai, tambayar da nake so mu yi nazari a kanta ita ce: wane ne ya cancanci a kira shi marar aiki, har jama'a su tallafe shi kafin ya sami wani?

Dokar fansho ta Nijeriya ta 2014 ta ce ma'aikacin da ya rasa aikinsa, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya karɓar kashi 25 cikin ɗari na abin da aka tara masa. Madalla. Amma fa wannan sai mai takardar ɗauka aiki da albashin wata.

To, mu dubi mutanenmu na Garbadu a ƙasar Talata Mafara. Mutum guda, da damina manomi ne, da rani ɗan ƙwadago ne a gonakin shinkafa na Bakolori, in ruwa bai iso ba ya tafi ci-rani ko haƙar zinariya. Ba wanda ya ɗauke shi aiki, balle ya kore shi, amma abincinsa kan yanke dare ɗaya. A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, talakawan da ke ci daga ramukan nan suka wayi gari hannu rabbana. Haka kuma wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa.

Ni a ganina, adalci shi ne a auna mutum da yankewar samunsa, domin yunwa ba ta tambayar takarda.

Wani zai ce, ai wannan koya wa mutane cima-zaune ne, kuma yaya za a gane mai gaskiya? Magana ce mai nauyi, amsarta kuwa tana cikin adashi. Wanda ya zuba shi ke kwasa, ba kuma wanda ke kiran kwasar adashi bara. Ƙungiyoyin manoma da na 'yan acaba sun san wanda ya fita nema da wanda ya kwanta. A 2019 an fito da ƙaramin fansho don masu sana'ar kansu, watau mutum ya riƙa zubawa kullum ko mako-mako, sai dai shi kaɗai ke zubin. Kamata ya yi mai gonar da ya mori guminsa ya zuba nasa, gwamnati kuma ta ƙara, tunda Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu da gobe za mu riƙe alƙalamin ofis, kada mu manta da wanda gerons ya ciyar da mu. Allah ya sa mu dace, amin.