Karatun Aku: Don Wa Muke Hanzarta Yaranmu?

A ƙarshen shekarar karatu da ta wuce, ƙanwata ta gayyace ni bikin yaye 'yarta daga ajin nazare a wata makarantar kuɗi a Legas. Yarinyar shekararta 4 da 'yan watanni. Aka sa mata doguwar riga da hula irin ta masu gama jami'a, ta hau dandamali ta jero jihohin Najeriya 36 da manyan biranensu cikin Turanci ba tare da tuntuɓe ba, ta kuma ƙirga daga 1 zuwa 100. Muka yi tafi, uwarta har da hawayen murna. Da muka koma gida za a ci abinci, na ce mata, "Je ki kawo mana cokula 6." Ta tafi ta dawo da hannu cike. Na ce ta ƙirga mini. Yatsanta yana kan cokali na uku bakinta ya riga ya kai bakwai. Sai ta dube ni ta ce, "Kawu, na yi daidai?" Fuskarta cike da tsoro, kamar wadda ke jiran bulala.

Wannan tambaya tata ta hana ni barci a daren, domin na lura yarinyar ba ta damu da yawan cokulan ba. Abin da ta damu da shi shi ne ko babba ya gamsu. Daga nan na fara tambayar kaina: wannan karatu da muke ɗora wa ƙananan yaranmu tun ba su iya ɗaure igiyar takalmi ba, domin amfaninsu ne, ko domin mu iyaye mu sami abin nunawa a gaban jama'a?

Bari in fara da yi wa iyaye adalci. Tsoronsu yana da tushe. Kowa ya san ba a shiga jami'a a ƙasar nan sai da kiredit a Turanci a jarrabawa irin ta WAEC ko NECO. Uban da ya bar Filato ko Kudancin Kaduna ko Adamawa ya zo kudu yana aikin gadi, yana rage cikinsa domin ya biya kuɗin makaranta, yana da hakkin ya so ganin abin da kuɗinsa ya saya. Abin da ido ya fi saurin gani kuwa shi ne hadda, da littafin rubutu cike da jan biro, da jakar da ta fi ƙarfin bayan yaro. Mai makaranta ya san haka, sai ya matsa wa malama. Malama kuma, wadda albashinta bai taka kara ya karya ba, ta matsa wa yaro. Kowa yana da wanda zai matsa wa, ban da yaron.

Ba na kuma cewa hadda mugun abu ce. Da hadda muka riƙe ayoyin Makarantar Lahadi waɗanda har yau suke ta'azantar da mu a gadon asibiti, da hadda kuma ake riƙe jadawalin sau. Amma akwai bambanci tsakanin yaron da ya haddace abu yana kan hanyar fahimtarsa, da wanda aka yaba masa a kan haddar har kowa ya ɗauka an gama aiki.

Masu nazarin tunanin yara sun daɗe da bayyana wannan. Jero sunayen lambobi waƙa ce kawai. Ƙirga na gaskiya yana bukatar yaro ya ba kowane abu lamba ɗaya tak, ya kuma gane cewa lambar da ya faɗa a ƙarshe ita ce adadin dukan abin da ke gabansa. Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna wani abu da kowace uwa za ta iya gwadawa a tsakar gida. A jera ƙwayar gyaɗa 5 a layi ɗaya, wasu 5 a ƙarƙashinsu daidai wa daida. Yaro zai yarda yawansu ɗaya ne. A idonsa a baza layi ɗaya ya yi tsawo, sa'an nan a sake tambayarsa. Yawancin 'yan shekara 4 ko 5 za su ce layin da ya fi tsawo ya fi yawa. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, haka tunanin yaro yake kafin ya nuna. Bulala ba ta nunar da shi, kamar yadda matsa mangwaro da yatsa ba ya sa shi nuna, sai dai ya ruɓar da shi.

Haka batun karatu yake, kuma a nan ne harshe ya shigo. Kakanninmu da iyayenmu da yawa sun koyi karatu a ajin masu neman baftisma ko a ajin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, da ba be bi bo bu. Manoma ne da matan gida, wasunsu da furfura, amma ba a daɗe ba suka iya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala fassararsa a 1932, suna karantawa da kansu. Ba su fi jikokinsu basira ba. Abu biyu ne suka taimake su: sun riga sun san harshen da suke karantawa, rubutun Hausa kuma yana bin lafazi, abin da ka gani shi za ka furta. Turanci yana da haruffa 26 da sautuka kusan 44, harafi ɗaya yana iya yin ƙara iri uku ko huɗu. Wani bincike da aka buga a 2003, wanda ya kwatanta yaran ƙasashen Turai, ya gano cewa yaran da Turanci ne harshen uwarsu suna ɗaukar fiye da ninki biyu na lokacin da yaran Finlan ko Italiya suke ɗauka kafin su kama tushen karatu. To, ina ga yaron da bai taɓa jin Turanci ba sai a bakin malama? An ba shi kaya biyu lokaci guda, koyon harshe da koyon karatu. Idan suka yi masa nauyi, hanyar tsira ɗaya ce ta rage masa, wato ya haddace shafin ya yi kamar yana karantawa. A Finlan ɗin nan kuwa, yara ba sa shiga aji ɗaya na firamare sai a shekarar da suke cika 7.

A ƙasarmu ma an gwada. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Ile-Ife suka koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarbanci har shekara 6, Turanci yana matsayin darasi guda a hannun malamin da ya ƙware. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, sai dai a makarantu da yawa maganar ta tsaya a takarda. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a tsawaita wannan zuwa dukan shekarun firamare, a watan Nuwamba 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da janye manufar, aka koma Turanci. Gwamnati na iya sauya ra'ayi sau nawa ta ga dama, amma ba ta da ikon hana uwa yi wa ɗanta tatsuniya da Hausa ko Ngas ko Bura ko Jju. Na san gidajenmu na kudu ba ɗaya suke ba. Akwai yaran da Turanci ko Burokan ne harshensu na farko, kuma ba na ce a yi musu dole da Hausa. Maganata ita ce yaro ya fara gane cewa rubutu magana ce, da harshen da yake mafarki da shi.

Abin da ya fi damuna ya wuce makin jarrabawa. Yaron da aka yi wa tafi a kan abin da bai gane ba, aka kuma doke shi ranar da ya ce bai gane ba, ya koyi darasi tun yana ɗan shekara 4: a ɓoye rashin sani, a nuna abin da manya ke son gani. Mu ne muka koya masa, mu da muke tsawata masa idan ya yi ƙarya a kan naman miya. Bayan shekara 12 sai mu yi mamaki idan ya nemi satar amsa, mu ce zamani ya lalace. A Ayyukan Manzanni sura 8 akwai babban ma'ajin sarauniyar Habasha da ke karanta littafin annabi Ishaya a cikin karusarsa. Da Filibus ya tambaye shi ko yana fahimta, mutumin nan mai girma bai ji kunyar amsa cewa yana bukatar mai yi masa bayani ba, kuma ta wannan ƙofa taimako ya shigo masa. Ina jin tsoron muna renon yaran da ba za su iya ba da irin wannan amsa ba, ko a aji, ko a wurin aiki, ko a gaban Allah.

Wata 'yar'uwa a zumuntar mata ta ce mini, "Malam, ni ban yi boko ba, me zan koya masa?" Na tambaye ta wa ke lissafa mata cinikin ƙosai. Ta yi dariya. Matar da ke mayar da canjin naira 500 ba tare da biro ba ta fi ƙarfin lissafin nazare. Ta sa yaron ya ƙirga ƙosai 5 a leda yana taɓa kowanne, ya raba gyaɗa 8 tsakaninsa da ƙanensa ya ga ko an yi adalci, ya faɗi wanne ya fi yawa da nawa. Uba kuma ya ɗora shi a cinya lokacin addu'ar dare, yana bin layi da yatsa yayin da yake karantawa, ya tambaye shi wace kalma ce ta fara da irin sautin da sunansa ya fara da shi. Minti 10 a rana ya isa. Makarantar Lahadi ma da haka ta yi suna: a 1780 Robert Raikes ya tara yaran talakawa masu aikin ƙarfi a garin Gloucester na Ingila yana sa a koya musu karatu, domin Lahadi ce kaɗai ranar hutunsu. Ban ga dalilin da zai hana ikilisiyoyinmu ware rabin sa'a bayan sujada domin yaran aji uku da huɗu da har yanzu ba su iya haɗa baƙi da wasali ba, muddin za a yi shi ba tare da kunyata kowa ba.

Na faɗa wa ƙanwata dukan wannan, ba ta ji daɗi ba da farko, ta ce ina raina wahalarta. Daga baya ta yarda ta je makarantar ta roƙi a rage wa yarinyar aikin gida, aka ce mata sauran iyaye ƙari suke nema. Ba ta cire ta ba, domin makarantun da ke kusa duk haka suke. Abin da ta iya yi shi ne ta mayar da rabon cokula da kofuna aikin yarinyar kowane dare, da sharaɗin ba duka ba tsawa idan ta yi kuskure. Da na je wurinsu lokacin Kirsimeti, mu 7 ne a tabarma. Ta kawo cokula 6, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa, ta tsaya a kaina hannu wofi, ta ce, "Kawu, saura ɗaya," ta koma ta ɗauko.