Laifin wani, horon wani

Ƴan'uwa, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, a da ta daɗe tana haramta wa ɗalibi karɓar kuɗi saboda wasansa. A 2010 ta tabbatar cewa Reggie Bush, ɗan wasan jami'ar USC, ya karɓa, alhali ya shekara 4 da barin makarantar. Sai horo ya faɗa wa jami'ar, aka soke mata guraben tallafin karatu 30.

Ba mu wanke Bush ba. Wanda ya shiga bisa sharaɗi, cika shi ya wajaba a kansa, ko da an sassauta dokar a 2021. Amma samarin da suka rasa guraben nan yara ne sa'ad da aka yi laifin. Da wace hujja aka aza musu nauyinsa? Kyautar Heisman da Bush ya rasa, an mayar masa a 2024. Su ba a mayar musu da kome ba.