Aro a Zamanin Kwantena

Duk wanda ke cewa kulle kaya rashin tawakkali ne bai taɓa sammako lambu ya tarar da gurbin injin ban ruwansa ba, an yanke mesa, ga tattasai ya fara fure. Ba zan daɗe a kan wannan gardamar ba. Hadisin mai raƙumi da Tirmizi ya ruwaito ya riga ya raba ta, yaran makarantar allo ma sun san an umarci mutumin ya ɗaure dabbarsa sannan ya dogara ga Allah. Malamanmu na Malikiyya kuma ba su yarda a yanke hannun ɓarawo ba sai in ya fitar da kayan daga inda aka saba adana irinsu, wato shari'a da kanta tana jiran mai kaya ya tanadi ma'ajiya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da kwantenar yayana wani abu ne daban.

Mu mutanen Guri a gindin kogi muke. Ruwan da aka sako daga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Challawa ta 1992, in ya wuce Wudil da Ringim da Haɗejiya, a ƙasarmu da ta Kirikasamma yake baje ƙafa kafin ya nufi Nguru da Gashuwa. Ciyawar kachala ta cinye hanyoyin da ya saba bi, shi ya sa yake shiga inda ba a gayyace shi ba. A ambaliyar 2022, duk da jingar da aka kwana ana yi da buhunan ƙasa, ɗakin ajiyar da yayana ya gina da tubali a gona ya jiƙa daga tushe ya zauna. Taki ya zama kunu, injin feshi ya tafi, shi kuwa injin ban ruwa sai da bakanike ya warware shi gaba ɗaya. Da ruwa ya janye aka ci kuɗin shinkafar rani, sai yayana ya tafi Kano ya sayo tsohuwar kwantena mai ƙafa 20.

Akwatin ƙarfe ne mai tsawon kusan mita 6, faɗi kusan mita 2 da rabi, nauyinsa ba kaya ya haura tan 2. Wani Ba'amurke mai motocin dakon kaya, Malcom McLean, ya ɗora irinsa a jirgin ruwa a 1956, guda 58, daga Newark zuwa Houston, don a daina sauke kaya buhu-buhu a tasha. Tun daga nan duniya ta koma ciniki a cikin akwati. Tamu ta gama yawon teku, ta sauka a Legas, ta yi zaman shago a Kano, ga ta yau a bakin fadama. An yi ta ne don ta hana ruwa shiga, saboda haka in babu nauyi a cikinta ruwa mai yawa ɗaga ta yake yi ya tafi da ita. Dole yayana ya nemi tudu, ya zuba mata ginshiƙai huɗu na siminti. A watan Afrilu ba ka iya dafa bangonta da rana, in ka buɗe ƙofa warin fetur da maganin ciyawa ne zai fara yi maka maraba. Da sanyin asuba kuma rufinta gumi yake yi daga ciki yana ɗiga, har sai da mai walda ya huda mata tagogin iska aka yi mata rumfar zana a ka. Amma gara ba ta ci, ɓera bai shiga, ɓarawo kuma sai ya zo da injin yankan ƙarfe, wanda ƙararsa za ta tashi ƙauye.

Duk wannan alheri ne. To amma kafin ta zo, kayan aikinmu a ƙarƙashin tsamiya da bakin ɗaki suke kwana, kuma rabinsu kullum suna hannun mutane. Mutum zai ɗauki galma ko lauje ko tamfol ɗin shanya, sai kun haɗu a masallaci bayan magariba ya ce, "Af, tamfol ɗinka yana wajena." Ka ce, "Ba komai." Bai roƙa ba, kai ma ba ka yi kyauta ba, ba wanda ya sunkuyar da kai. Yanzu komai yana bayan sandunan ƙarfe biyu da kwaɗo mai girman dunƙulen hannu, makulli kuma yana aljihun mutum ɗaya.

Ina wurin wata rana wani dattijo da gonarsa ke iyaka da tamu, sa'an mahaifinmu, ya zo neman injin feshi, tsutsa ta faɗa wa tumatirinsa. Yayana yana Haɗejiya. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, makullin yana wajen Yaya, amma bari in kira shi." Ya ɗaga hannu ya ce, "A'a ɗana, kada ka tashe shi daga harkarsa. Allah ya yi albarka." Ya tsaya ya ɗan ƙwanƙwasa bangon da sandarsa, ya ce, "Kai, wannan abu da ƙwari yake." Bai sake zuwa aron komai ba. Ba wanda ya hana shi. Kunya ce kawai ta mutumin da ya haifi sa'anka, a ce sai an buga waya an nemi izini kafin ya taɓa abin da a da yake ɗauka kamar nasa.

A nan ne Suratul Ma'un ta tsaya mini a rai. Gajeriyar sura ce da muke karantawa a salla ba tare da mun tsaya ba, ta haɗa mai riya da sallarsa da mai hana ɗan abin amfani a cikin zargi guda. An ruwaito daga Sayyidina Ali da Ibn Umar cewa zakka ake nufi. Ibn Mas'ud kuwa ya ce a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin da suka fahimta shi ne aron guga da tukunya, wasu ruwayoyin suka ƙara da gatari. Mafi yawan malamai sun ɗauki ba da aro a matsayin abin so, ba tilas ba, amma Ibn Taimiyya ya tafi a kan cewa wajibi ne in mai kayan ba ya bukatarsa a lokacin.

Da na kawo wa yayana wannan magana, bai yi fushi ba. Ya ce, "Malam, guga nawa ne, inji nawa ne? Wanda ya ari guganka ya dawo maka da guga. Wanda ya ari injinka ya bar shi yana aiki ba baƙin mai, ya dawo maka da gawa, ya ce ƙaddara ce. Ka taɓa ganin wanda ya biya?" Gaskiyarsa ce, kuma fiƙihu yana bayansa fiye da yadda ya sani. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane ɗalibin zaure a ƙasar Haɗejiya ya bi ta kanta, wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa shi ke da lamuninsa in ya salwanta, dabba ce kawai da makamantanta ba ya biya sai in ya wuce iyaka. Annabi da kansa, da zai fita yaƙin Hunaini a shekara ta 8 bayan hijira, ya ari sulke a hannun Safwan bin Umayya bisa sharaɗin lamuni. Mu ne muka raba aro da biya, muka mai da neman diyya abin kunya tsakanin maƙwabta, har masu kaya suka gaji suka sayo ƙarfe. Rabin laifin kwantena na masu aron da ba sa mayarwa ne.

Duk da haka ban yarda kwaɗo ya sauke wa yayana nauyi ba. Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda akwatin ke hana mutum ba tare da mai shi ya buɗe baki ba. A da in za ka yi rowa sai ka dubi idon maƙwabcinka ka ce a'a, kuma mutane kaɗan ne ke iya wannan. Yanzu "makulli ba ya nan" ta isa, gaskiya ce kuma, ba ƙarya ka yi ba, ka kwana da zuciya fes alhali tumatirin wani ya lalace. Ni a ganina ba a auna wannan haƙƙi da tsadar kaya. Ana auna shi da abin da kai za ka rasa in ka bayar da abin da shi zai rasa in ka hana. Injin feshi da ke rataye yini guda bai rage ka da komai ba. Injin ban ruwa a tsakiyar rani, ranar da naka lambun ke jira, wannan kana da hujja, ba mai zarginka. Amma ranar da yake zaune a duhu yana hutawa, albasar wani tana ƙonewa taku kaɗan daga bakin ruwa, ban ga abin da ya raba shi da gugan Ibn Mas'ud ba.

Mun daɗe muna ja da yayana, a ƙarshe uwargidansa ce ta yanke. Ta ce a yanko makulli na biyu a ajiye a wajenta, tunda ita ba ta zuwa kasuwar Haɗejiya. Galma da lauje da tamfol da tsohuwar mesa aka fitar da su ƙarƙashin rumfar zanan, inda hannu zai kai ba sai an yi sallama ba. Inji kuwa in zai fita, da babban ɗansa yake fita, mai aro ya kawo fetur ɗinsa, yaron ya duba baƙin mai ya tayar ya kashe da kansa. Wasu sun ce wannan wulaƙanci ne, an haɗa su da ɗan sanda. Wasu suna zuwa. Injin feshin kuma yayana da kansa ya saɓa ya kai wa dattijon nan har gida, ya ce ya riƙe zuwa ƙarshen kaka, dattijon ya karɓa ya yi godiya, washegari da yamma ya aiko jikansa ya dawo da shi a wanke.

Bana Yaya yana maganar sayen famfo mai aiki da sola. Wannan ba ya cin fetur, ba shi da baƙin man da za a manta, sai dai faifansa in ya faɗi sau ɗaya ya gama. Ya riga ya gaya mini cewa shi ba zai ƙetare iyakar gona ba ko da wa ya zo, ni kuma na ce ya bari sai an kawo shi mu auna tsawon mesar.