Tafakkuri a Bakin Kogin Gaji

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya halicci mai tafiya da ƙafa huɗu da mai tashi da fukafukai, bai bar ɗayansu ba tare da arziki ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, kallon halitta domin sanin Mahalicci aiki ne da malamai suka ba muhimmanci tun da can. Jahiz ya wallafa Kitabul Hayawan, daga baya Damiri, wanda ya rasu a shekarar 808 bayan hijira, ya jera dabbobi bisa haruffa a Hayatul Hayawan, yana ambaton ɗabi'ar kowace da hukuncin cin namanta. Mu kuwa Allah Ya ajiye mana dajin Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun jiha a 2006.

Akasarin masu zuwa iyakarsu Wikki, maɓuɓɓugar nan mai ɗumi wadda ruwanta ba ya gusawa daga wajen digiri 31, rani da damina. Su yi wanka, su ɗau hoto, su yi rigima da gwaggon birin da ya fizge musu burodi, su juya gida. Babu laifi a cikin wannan, hutawa halal ce. Sai dai wanda ya tsaya nan bai ga Yankari ba.

Mai son gani ya zo da rani, tsakanin ƙarshen hunturu da bazara, lokacin da ciyawa ta kwanta, tafkuna suka ƙafe, ƙishirwa ta koro namun daji zuwa Kogin Gaji. Ya fita bayan sallar asuba tare da ɗan rakiya daga ma'aikatan dajin, ya kame bakinsa, ya kashe ƙarar waya. A nan zai ga ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza, dorina ta nitse sai hanci da kunnuwa, kada ya shanya jiki a yashi. In da rabo garken giwa ya ratso, uwa a gaba, 'ya'ya a tsakiya. Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu, kuma fahimtar wannan aya tana ƙaruwa ga wanda ya ga yadda giwaye ke kewaye ɗan ƙaraminsu idan suka ji motsin da ba su yarda da shi ba.

Tsuntsaye sun fi neman haƙuri. An ƙidaya sama da iri 350 a dajin, wasu mazauna, wasu baƙi masu tsere wa sanyin Turai, su ƙetare Bahar Rum da Sahara ba guzuri ba ɗan jagora. Ga burtu yana taku a ƙasa da ƙasaita, shi ne wanda maharbanmu ke ɗaura kansa a goshi su yaudari nama. Ga carki a bayan ɓauna yana cire mata kaska. Ga zalɓe tsaye cikin ruwa, ga cilakowa, ga alhudahuda da tukkunsa, wanda ya kawo wa Annabi Sulaimanu labarin Saba, kuma yana cikin halittu huɗu da hadisin Ibnu Abbas ya hana kashewa. Abin kunya ne a ce Bature ya taso daga Ingila da madubin hangen nesa yana rubuta sunan kowane tsuntsu, ɗan ƙasa kuwa, har wanda ya sauke littattafai, duk mai fiffike tsuntsu ne kawai a wurinsa. Dubi ungulu: da can ba ta rabuwa da mahauta, yau a garuruwa da dama yara sun tashi ba su taɓa ganinta ba, saboda masu kama ta suna sayar wa 'yan tsibbu.

Keɓe daji yana da asali a shari'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hurumi a Naƙi'u domin dawakan Musulmi, Sayyidina Umar ya yi a Rabaza domin dabbobin zakka. Saboda haka mai harbin giwa don haurenta a cikin hurumi ya ci amanar jama'a kafin ya karya dokar hukuma. Amma Umar ya umarci mai tsaron huruminsa ya sassauta wa talaka mai 'yan dabbobi kaɗan. Ƙauyukan da ke gefen Yankari giwaye kan faɗa musu gona cikin dare su cinye dawa da masarar shekara guda. A ganina, wanda ya hana manomi ɗaukar bindiga, kuma yake karɓar kuɗin shiga daga baƙi, shi ya wajaba ya biya shi diyyar amfanin gonarsa, a kan kari, kafin damina ta sake zagayowa.