Mai Nutso Ba Ya Fitowa da Gudu

A Rimaye da ƙauyukan da ke tsakanin Kankiya da Kusada, ruwa mafi zurfi da yawancin mutane suka taɓa leƙawa shi ne na rijiya. In guga ya tsinke, ƙugiya ta kasa kamo shi, sai a nemo mai shiga. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, ya cika ƙirjinsa da iska ya yi nutso, ya lalubo gugan a cikin taɓo ya taso. Da gudu yake tasowa, kuma saurin ba ya yi masa komai. Abin tsoronsa shi ne iskar rijiyar ta ɓaci, ko gefenta ya rufta.

Amma akwai wani irin mai nutso wanda saurin fitowar ne ke kashe shi. A Bahar Maliya, tekun da alhazan ƙafa na ƙasar Hausa suka riƙa tsallakawa daga Sawakin zuwa Jidda, a can baya an daɗe ana samun jiragen ruwa da ke ɗaukar masu yawon buɗe ido daga Fot Sudan, su yi mako guda ko fiye ba su taka tudu ba. A cikin jirgin suke ci, a nan suke kwana, yana yawo da su daga duwatsun murjani na Sanganeb zuwa Sha'ab Rumi, har ƙananan tsibiran da babu kowa sai tsuntsaye da kunkuru. Sau uku ko huɗu a rana sukan goya tulun ƙarfe mai cike da matsattsiyar iska, su cije bakin tiyo, su faɗa ruwa su sauka mita 20 ko 30 suna kallon halittun Allah. Jacques Cousteau da Émile Gagnan, Faransawa biyu, su suka haɗa na'urar shaƙar nan a 1943.

Ina bambancinsa da mai shiga rijiya? Na rijiya ya riƙe numfashinsa na ɗan lokaci ya fito da iskar da ya shiga da ita. Mai tulu kuwa ya zauna a can ƙasa yana numfashi. Kowace mita 10 da mutum ya sauka a teku, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin dukan iskar da ke bisa kanmu a tudu. A mita 30 ya ninka sau huɗu ke nan. Iskar da muke shaƙa kuma kashi 78 cikin ɗari nitrojin ce, wadda jiki ba ya amfani da ita, a tudu shiga take ta fita. A ƙarƙashin matsi sai ta riƙa narkewa cikin jini da kitse da gaɓoɓi. Ba ciwo, ba alama. Mutum yana can yana sha'awar kifi, jikinsa yana ɗibar kayan da bai san ya ɗauka ba.

Duk wanda ya taɓa buɗe kwalbar lemo ya ga abin da ke biyowa. Tana rufe, ruwan garau yake. A ɓalle murfin lokaci guda sai kumfa ya tashi, a sassauta shi a hankali sai iskar ta sulale ba hayaniya. Haka jinin mai nutso yake. In ya taso da gaggawa, iskar nan takan zama kumfa a cikin jijiya. Ta maƙale a kafaɗa ko gwiwa, ya lanƙwashe don azaba. Ta taɓa lakar baya, ƙafafu su shanye. Abin mamakin shi ne sau da yawa ba a bakin ruwa ciwon ke bayyana ba. Ya hau jirgi yana dariya, ya yi wanka, ya ci abinci, bayan sa'o'i sannan hannu ya fara mutuwa.

Paul Bert ne ya gano tushen cutar a 1878, sannan John Scott Haldane ya tsara jadawalin hawa daki-daki a 1908, kuma da awaki ya yi gwajinsa, waɗanda ba su ci ba, ba su sha ba. Ƙa'idar yau ba ta da wuyar faɗa: kimanin mita 9 zuwa 10 a minti guda, in saura mita 5 a tsaya minti 3. Tsayuwar nan ita ce abin kallo. Ga cikin jirgi ana gani a sama, ga hasken rana, buɗe ido da rufewa ya isa, amma mutum ya riƙe igiya ya rataya yana duba agogon hannunsa. Ranar ƙarshe ta tafiya ma ba a shiga ruwa, domin sai an ba jiki aƙalla sa'o'i 18 kafin a hau jirgin sama.

A watan Mayun 2013 wani jirgin ja mai suna Jascon-4 ya kife a tekun kudancin Nijeriya, ya nutse mita 30. Cikin mutum 12 da ke ciki, kuku ne kaɗai ya tsira, Harrison Okene, a wani ɗan lungu da iska ta maƙale. Wajen sa'o'i 60 ya yi a duhu, ruwa har ƙirji. Masu nutson da suka je ɗauko gawarwaki suka iske shi da rai. Wanda bai sani ba zai ce a yi maza a fito da bawan Allah ya ga rana. Da an yi haka, tausayin ne zai ƙarasa shi. Sai da aka sa shi a ɗakin matsin iska fiye da kwana biyu ana sassautawa kaɗan-kaɗan. Bayan ya koma gida ya ce yakan ji kamar gadon da yake kwance a kai yana nutsewa. An fitar da iskar jini a kwana biyu, ta zuciya ta ɗauki lokacinta.

Mu a jihar Katsina ba mu da teku, amma muna da masu fitowa daga zurfi. Ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka sace a Disambar 2020 kwana shida suka yi a daji. Wasu bayin Allah wata uku suke yi, wasu fiye. Wanda ya kwana ya tashi cikin tsoro, tsoron ya shiga jininsa ko da babu tabo a fatarsa. Ran da aka sako shi sai gida ya cika maƙil, barka da arziki daga asuba har isha'i. Kowa da tambayarsa. Nawa aka biya? Sun dake ka? Me suke ba ku ku ci? In mace ce, har da tambayar da ba a furtawa, sai dai a yi ta da ido. Shi ko yana murmushi yana cewa an gode Allah, mutane su watse suna cewa ai ya warware. Bayan mako biyu sai a ga ba ya barci, ƙarar babur tana sa shi zabura, yana yi wa yara tsawa ba dalili. Sai a ce ya canza hali, ko a ce iska ce ta shafe shi a daji.

Ba mugunta ke kawo wannan cincirindo ba, zumunci ne, kuma zumunci abin yabo ne. Sai dai masu jirgin nutso na Bahar Maliya sun fi mu sanin kan abin a nan. Sukan ajiye tulun oksijin kusa, su sa ido kan wanda ya fito har dare, kuma ba sa yarda da faɗarsa cewa lafiya ƙalau yake. In ciwon ya taso, asibiti ake nufa da shi, ba a ce ya daure.

In an sako wani a unguwarku, ku je ku yi barka, amma ku tsaya a zaure. Ku ba maigidan abin da kuka kawo, ku yi addu'a, ku bar labarin har sai shi ya ɗauko da kansa. Bayan wata guda, lokacin da ƙafa ta ɗauke, ku koma ku tambayi iyalinsa ko yana samun barci, in ba ya samu a kai shi wurin likita.