Shirun Mai Kaza a Kasuwa

Abu Na'ama gari ne a bakin Shuɗin Kogin Nilu, kudu da Sinja, a kan hanyar da ta nufi Damazin. Ma'anar sunan da Larabci ita ce mai jimina, amma tsuntsun da baƙo zai tarar a tsakar gidaje kaza ce. Hausawa da Fulanin da suke zaune a ƙauyukan wannan kogi jikokin mahajjata ne da masu hijira. Bayan da sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas tare da jama'a, ya kafa garin da har yau ake kira da sunansa kusa da Sinnar. Waɗansu kuwa aikin auduga ne ya tsayar da su a Jazira, bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. Duk inda suka yada zango suka kafa danga, sai mata suka nemi kaji.

Kazar gida, wadda mutanen Sudan suke ce wa baladi, ba ta da yawan ƙwai. Takan saka 10 ko 15, ta kwanta a kansu kwana 21, ta yi wajen wata biyu tana yawo da 'yan tsaki, sa'an nan ta sake. Shirwa ta ɗauki rabonta, muzuru ya ɗauki nasa. Abin da ya tsira shi ne asusun mace. Da shi take sayen sabulu da littafin makaranta, da shi take fita kunyar baƙo, in kuwa yaro ya kwana da zazzaɓi, zakara ne yake biyan kuɗin magani. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, wanda ya kai Sinja a tsakiyar 2024, ya ƙara wa wannan asusu daraja. Banki yakan rufe, kuɗin takarda yakan yi wuyar samu, gona ba ta ɗaukuwa a kai, amma kaza ana ɗaure ƙafafunta a sa ta a kwando a gudu da ita.

Kiwon kaji yana da ƙa'idodinsa. Malaman Malikiyya, waɗanda mutanen yankin suke bi, sun raba maganar ɓarnar dabba kashi biyu: da rana mai gona ne zai tsare gonarsa, da dare kuwa mai dabba ne zai tsare dabbarsa, in ta yi ɓarna ya biya. Kaza ta sauƙaƙa wa kowa rabin dare, gama da magariba ita da kanta take neman akurki. Saura rigimar rana, wato dawar da aka shanya a tabarma, da riɗin da aka baza, da irin albasa da kuɓewa a lambunan bakin kogi da ake kira juruf. A nan maƙwabta ne suke daidaitawa. Mai shanya ta zaunar da yaro da sanda, mai kaji ta kulle su kwanakin da iri yake tsirowa, in abu ya faskara a kira dattawan sulhu, waɗanda a Sudan ake ce wa ajawid. Irin wannan ƙara ba ta da wuyar yankewa, domin an ga kazar, an san mai ita, ana kuma iya auna abin da ta ci.

Akwai wata ɓarna wadda ido ba ya gani, ba a kuwa cika kai ƙararta gaban kowa ba. Ita ce abin da mai kaji yake yi ran da ya gane annoba ta shiga akurkinsa.

Ciwon da ya fi kashe kajin ƙauye a Afirka shi ne wanda likitocin dabbobi suke kira Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda aka gane shi a shekarun 1920. A Sudan ana ce masa samir. Kaza takan takure, fikafikanta su zube, ta yi kashi kore, ta riƙa buɗe baki tana neman iska, wata kuma wuyanta ya murɗe. In ya shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba yana iya share shi kakaf cikin mako ɗaya ko biyu. Ba shi da magani. Kafson da ake ɓarewa a zuba a ruwan sha, da barkono, da tafarnuwa, babu wanda yake kashe ƙwayar cutar. Abin da ya fi muhimmanci ga wannan magana shi ne ɓoyon da ciwon yake yi. Daga ranar da kaza ta kamu zuwa ranar da alama za ta bayyana akan yi kwana 5 ko 6, wani lokaci har mako biyu. A cikin waɗannan kwanaki idonta garau, tana tsattsagar hatsi kamar kowace, alhali cutar tana jikinta.

To, a ɗauka wata mata tana da kaji 12. Ta buɗe akurki da safe ta tarar biyu sun mutu, ɗaya tana gyangyaɗi. Ta taɓa ganin haka, ta san nan da kwana goma da wuya ta tsira da ko biyu. Gobe kuwa ranar kasuwa. Tara ɗin da suka rage ba wanda zai dube su ya ga aibu. Ta kai su ta sayar, ko kuwa ta zauna tana kallon jarinta yana mutuwa?

Abin da yawancin mutane suke yi sananne ne, likitocin dabbobi kuma sun daɗe da lura cewa kasuwa tana cikin manyan hanyoyin da wannan ciwo yake bi daga ƙauye zuwa ƙauye. Bai kamata a yi saurin zagin matar ba, gama tana da hujjoji, waɗansunsu kuwa masu nauyi ne. Za ta ce ba ta yi ƙarya ba, ba wanda ya tambaye ta. Za ta ce mai saye ya ɗaga kazar, ya hura gashinta, ya taɓa ƙirjinta, ya taya da kansa. Za ta ce ba ta da tabbacin cewa tara ɗin sun kamu. Za ta kuma ce ita ma haka aka yi mata, domin ciwon bai faɗo daga sama ba, wani ne ya sayar wa maƙwabcinta zakaran da ya kawo shi. A ƙarshe za ta nuna 'ya'yanta.

Hujjar farko ce ta fi rauni. A kasuwa shiru ma magana ce. Wanda ya ajiye kaza a gabansa ya nemi kuɗin lafiyayyiya ya riga ya ce lafiyayyiya ce, ko bai buɗe baki ba. Duban da mai saye ya yi yana kare mai sayarwa ne a kan aibun da ido zai iya gani, kamar gurguntaka ko rama. Aibun da yake ɓoye, wanda mutum ɗaya kaɗai ya sani, duba ba ya ɗauke nauyinsa. Fikihun Musulunci ya hana ɓoye aibun haja, ya kuma ba mai saye ikon mayar da ita in ya gano. Amma ina amfanin wannan iko ga wanda ya gano aibun bayan kajinsa ashirin sun bi ta ɗaya ɗin da ya saya?

A Littafin Fitowa, sura 21, akwai shari'a a kan sa mai tunkuyi wadda ta dace da wannan wuri. In san wani ya kashe san maƙwabci ba zato, sai a sayar da mai ran a raba kuɗin, a raba mataccen kuma, kowa ya ɗauki rabin hasara. Amma in an riga an san san da tunkuyi, mai shi bai tsare shi ba, to, zai biya sa a madadin sa. Sa ɗaya ne, ƙaho ɗaya, ɓarna ɗaya. Abin da ya bambanta hukuncin biyu shi ne abin da mai dabba ya sani kafin ɓarnar. Matar da ta sayar da kaza jiya, kafin ta ga mutuwar farko, tsautsayi ne ya bi ta hannunta, ba ta da laifi. Wadda ta sayar yau, bayan ta zubar da gawa biyu, ta saki san da ta san halinsa. Rashin tabbaci kuma ba ya wanke ta, domin shakkar da take fakewa da ita ba ta hana ta gaggawa ba. Da ta gaskata kajin lafiya suke, da ba ta kwashe su duka rana ɗaya ba, har da mai kwanci.

Wani zai ce, to, ta faɗi gaskiya ta rage kuɗi, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ciniki tsakanin mutum biyu ne, amma kaza ba ta san danga ba. Wanda ya saya da saninsa, ya kai gida ya sake ta, kazar za ta sha ruwa a kasko ɗaya da kajin unguwa, ta yi tono a juji ɗaya da su. Gwauruwar da take bayan gidansa ba ta je kasuwa ba, ba ta taya ba, ba ta sallama ba, ita ce kuwa za ta biya. Ɗan kasuwar da yake bin ƙauyuka lokacin annoba yana sayen kaji da araha don ya kai su gari na gaba, shi laifinsa ya fi na matar, gama ita tsoro ne ya kore ta, shi kuwa riba ce ta kawo shi. Kejinsa kaɗai, da kashin da ya manne a ciki, ya isa ya kai ciwon inda bai taɓa zuwa ba.

Hanyar da ta rage wa matar ƙunci gare ta, amma hanya ce. Naman kazar da aka yanka aka dafa sosai ba ya sa wa mutum samir. Tana iya yanka waɗanda ba su nuna alama ba, iyali su ci, ta soya saura ta sayar, ta kuwa faɗa wa mai saye dalili. Gashi da hanji da waɗanda suka mutu da kansu sai ta binne su da zurfi ko ta ƙone. Jefa su bayan danga, inda kare zai ja su zuwa ƙofar wani, shi ma sayarwa ne ba tare da karɓar kuɗi ba. Sai dai a yi hattara a nan. Murar tsuntsaye, wadda ta shiga Nijeriya da Sudan a 2006, tana kama da samir a ido, ita kuwa tana iya kashe mutum. In kaji suna zubewa farat ɗaya, har da agwagi, kada a yanka, kada a bar yara su taɓa, a nemi ma'aikacin dabbobi. Ko ta wace hanya matar za ta yi hasara. Soyayyen nama ba zai kawo kuɗin kaza mai rai ba, kuma ba zai yi mata ƙwai baɗi ba.

A nan ne masu wa'azi sukan tsaya, su yabi mai gaskiya su tafi, su bar ta da akurki wayam. Wannan bai isa ba. In matar ta riƙe kajinta a gida, wa ya amfana? Unguwa ce ta amfana, da ƙauyen da yake gaba, da mutanen da ba za su taɓa jin sunanta ba. Ba daidai ba ne jama'a su ci ribar gaskiyar mutum ɗaya su bar masa kuɗinta shi kaɗai, musamman in shi ne mafi talauci a cikinsu. Ƙa'idar da ta ɗora dukan nauyi a kan mai ƙaramin ƙarfi ba ta daɗewa. Za a amsa ta da baki a gaban dattawa, a karya ta da asuba a hanyar kasuwa. Shari'ar sa ta san haka, shi ya sa ta raba hasarar tsautsayi biyu. Hausawa ma suna da abin da ya yi kama da wannan a al'adar ba da kiwo, inda mace take ba 'yar'uwarta budurwar kaza, in ta ƙyanƙyashe a raba 'yan tsaki. Unguwar da ta san cewa duk wadda ta sanar da annoba za a tayar mata da garke, gida biyar kowa kaza ɗaya, ta cire wa matar rabin dalilin yin shiru.

Rigakafin ma haka yake, ba aikin gida ɗaya ba ne. Akwai irin da ake kira I-2, wanda aka samar a Ostareliya domin kajin ƙauye, yana jure zafi fiye da sauran, ana ɗiga shi a idon kaza ɗigo ɗaya, a maimaita bayan wata 3 ko 4. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, in an buɗe ta kuma ba ta ajiyuwa, don haka sai an haɗa kuɗi an sa rana, kowa ya kulle nasa tun dare. Ana yin sa ne kafin ciwo ya zo, gama kazar da ta riga ta kamu ɗigon ba ya cetonta. A Abu Na'ama akwai sashen koyon aikin gona na Jami'ar Sinnar, ilimin bai yi nisa da ƙauyukan ba. Abin da yakan yi wuya shi ne a sami wanda zai bi gida gida ya tara mata a kan magana ɗaya.

Sauran ƙa'idodin ƙanana ne, kowa kuma yana iyawa. Kazar da aka sayo, ko aka kawo kyauta, ko ta zo a kwandon ɗan gudun hijira, a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida, kada mai kyautar ya ɗauka raini ne. A share akurki a kai a kai, a kai kashin lambu, a zuba toka a ƙasa saboda ƙuma. A baƙar lakar wannan yanki, wadda take tsagewa da rani ta riƙe ruwa da damina, gara a ɗaga akurkin daga ƙasa. Inda annoba ta riga ta wuce kuwa, a ƙone shimfiɗar da tsohon kwandon kwanci, a wanke kaskon ruwa, a bar akurkin a buɗe rana ta dake shi, wata guda cur kafin a kawo wa matar kazar farko.