Kafin Ka Zuba Daɓen Gidanka

Ɗana, tunda Allah Ya hore maka har gini ya kai matakin daɓe, saurare ni kafin a kwaɓa siminti. Na ji wasu na cewa daɓen kankare sai an bar masa kafar shan iska ta ƙarƙashi. Wannan tsarin tsofaffin gidajen Ingila ne, inda ake shimfiɗa katako a bar fili tsakaninsa da ƙasa. In iska ba ta ratsa wurin ba katakon ruɓewa yake yi, shi ya sa suke saka bulo mai huji a gindin bango. Naka daɓen kuwa a kan ciko zai kwanta, babu ramin da iska za ta zaga.

Danshi shi ne abin da nake jiye maka. Kankare yana tsotsar ruwan ƙasa kamar yadda lagwani ke jan kananzir, kuma ba za ka gane ba sai ruwan Agusta ya zauna. A lokacin ne fenti zai kumbura, farin gishiri ya feso a gindin bango, katifa ta ɗauki wari, yara su kwana suna shaƙar funfuna. Gyara kuma ya zama sai an fasa abin da aka kashe wa kuɗi.

Saboda haka ka ɗaga daɓen aƙalla inci 6 sama da tsakar gida. In filin fadama ne, ka ƙara. A yi ciko da jar ƙasa, a riƙa jiƙawa ana daddaɓewa kashi-kashi. Kada ka yarda a juye maka shara, don za ta lotsa. Sannan a baza yashi mai laushi, a shimfiɗa leda mai kauri, bakin wannan ya hau kan wancan sosai, gefenta ya haye kan bulo. A nan mutane ke yin rowa, abin kuma yana ba ni takaici, domin kuɗin ledar bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da na tayil.

Ranar zubi ka ajiye uzurinka ka tsaya da kanka. Shebur da baro suna huda leda, lebura kuma sauri yake yi. Kaurin kankaren kada ya gaza inci 4. Ka sa a yi masa ban ruwa safe da yamma na kwana 7, kuma ko iyali na matsa maka a tare, kada ka shimfiɗa ledar ɗaki ko kafet sai ya bushe sarai.